Rigar Mista Hoyt a Cikin Tanki

Cikakken sunanta Stamatia Koulianos, amma a garin Arcadia babu mai wahalar da harshensa da wannan suna. Mis Tia suke ce mata, tun daga likita har mai kawo abincin karnuka. Gajeruwa ce kakkaura, shekarunta hamsin da takwas, furfurarta a aske ƙasa-ƙasa. Ba ta sa ɗan kunne, ba ta sa zobe, ba ta ɗaura agogo, kuma ta manta rabonta da man shafawa ko turare a ranar aiki. Baƙi sukan ɗauka tsananin addini ne. Waɗanda suka san ta sun san saboda tanki ne.

Tankin yana ɗakin ƙarshe na asibitin dabbobin Dakta Yanelis Ferrer, farin ƙarfe mai kauri, kwance bisa ƙafafu huɗu, tsawonsa ya ɗan fi na mutum. Yana da murfi a gaba da tagogin gilashi biyu, kowace faɗin faranti. A shigar da kare, a rufe, a cika cikin da zallar iskar oksijin, a yi ta matsa ta har nauyinta ya ninka na iskar waje. A wannan matsin iskar takan narke cikin jini, ta kai inda kumburi ya toshe hanya, naman da ya fara mutuwa ya farfaɗo. Karen da mota ta niƙe wa ƙafa, da wanda ya shaƙi hayaƙin gobara, da wanda gyambonsa ya ƙi warkewa, duk ta hannun Tia suke bi. Sai dai iskar da ke rayar da nama ita ce kuma abincin wuta. A cikin tankin nan tartsatsi ɗaya ya isa. Gashi da tawul da fata duk sai su kama kamar an zuba musu fetur, ƙarfen kansa ya tsage.

A bakin teku aka haife ta, a Tarpon Springs, cikin Girkawa masu nutso suna ciro soso daga ƙasan ruwa. Tana da shekara goma sha ɗaya injin da ke tura wa mahaifinta iska ya mutu yana can ƙasa, abokan aikinsa suka fizgo shi da sauri. Ya hau jirgi da ƙafarsa, kafin su iso gaɓa ƙafafun sun daina jin maganarsa. Aka yi tafiyar awa uku da shi zuwa inda akwai tanki irin na mutane. Tia ta tsaya bisa akwati tana leƙensa ta gilashi har ƙafafunta suka yi sanyi. Ya fito da sanda, da ita kuma ya ƙare rayuwarsa. Abin da yakan faɗa mata kullum shi ne zurfin bai yi masa komai ba, hawan da aka yi masa da gaggawa ne ya karya shi.

Ta yi karatun jinya, ta shekara goma sha tara a wani asibiti a Tampa tana shigar da masu ciwon suga tanki don a ceci ƙafafunsu. Da mijinta ya rasu, birnin ya isheta. A lokacin ne Dakta Ferrer ta sayi tanki na dabbobi tana neman mai kula da shi. Ranar da suka fara haɗuwa likitar ta tambaye ta ko tana tsoronsa.

"Kullum," in ji Tia.

"To ki fara ranar Litinin. Biyun da suka zo kafin ke sun ce ba sa tsoro."

Shekara bakwai ta yi tana wannan aiki ba a taɓa ko ƙona gashin kare ɗaya ba, sai ranar wata Laraba cikin watan Agusta da abin ya kusa faruwa.

Tun ranar Talata da yamma Hoyt Whidden ya shigo da karyarsa a rungume. Dattijo ne mai shekara saba'in da ɗaya, makiyayin shanu tun tasowarsa, dogo, busasshe, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse birane. Karyar, Biskit, ja ce mai gajeren gashi, ita kaɗai takan tattaro masa shanu ɗari daga fadama. Suna cikin kurmin kaba suna neman wata saniya da ta haihu, macijin nan mai kacau-kacau a wutsiya ya taso, Biskit ta riga ubangidanta isa wurin, ya sare ta a kunci. Dakta Ferrer ta yi mata allurar karya dafi har kwalba huɗu, ta tsira da ranta. Amma washegari kanta ya kumbura kamar kabewa, ido ɗaya ya rufe, leɓen sama ya fara baƙi, numfashinta yana fita da ƙyar da wani ɗan fito.

"In muka jira gobe, rabin fuskar nan za mu yanke," likitar ta ce. "Mis Tia, ƙarfe biyu, a tanki."

Ƙarfe biyu saura kwata Hoyt ya biyo ta har ƙofar ɗakin. Tia ta miƙa masa kwandon da ke rataye a wurin.

"Mista Hoyt, waya, makulli, wuƙa, laita, duk a nan."

Ya zuba waya da makulli da wuƙar aljihu. "Laitar ma tun jiya nake nemanta. Ashanar mai gidan mai na ara da safe."

"Allah ya sa ta ɓata ke nan har abada. Kun shafa wa karyar nan wani abu? Na san ku mutanen daji, komai ya sami dabba sai ku kwaɓa mata baƙin mai."

"Haba Mis Tia, wannan ai zamanin kakana ne."

"Kakanka ma haka zai ce mini."

Ta cire wa Biskit abin wuya, ta wanke ta da sabulu marar mai, ta duba tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta fesa mata ruwa har gashin ya kwanta, don busasshen gashi yakan yi tartsatsi. Ta shimfiɗa tawul biyu na zallar auduga, wadda ba ta yin tartsatsi, a kan farantin da ake turawa cikin tanki, suka ɗora karyar. An yi mata allurar kwantar da hankali, sai lumshe ido take yi.

Hoyt ya yi gyaran murya. "Tun tana 'yar kwikwiya ba ta taɓa barci ba sai a kan rigata. In da hali..."

"Babu hali. Yau za ta koya."

Daidai nan Darlene, mai karɓar baƙi, ta ƙwala kira daga zaure cewa motar kawo oksijin ta iso, direban yana sauri, sai Tia ta sa hannu a takarda. Tia ta fita. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Da ta dawo ta tarar da Hoyt a tsaye inda ta bar shi, hannunsa a kan wuyan karyar, tawul a shimfiɗe lafiya lau. A ƙa'idarta, duk lokacin da ta ɗauke ido daga dabba sai ta sake duba komai daga farko. Ranar dai ta dubi dattijon, ta ga idanunsa sun yi ja, ta ji nauyin ta tsaya tana bincike a gabansa kamar ɓarawo. Ta tura farantin, ta rufe murfi, ta murza.

Minti goma sha biyu ta ɗauka tana hawa da matsin a hankali, har allurar ma'aunin ta tsaya inda ake so. Hoyt ya zauna bisa kujera yana ba ta labarin farashin maruƙa, ita kuma idonta yana kan taga. A waje hadari ya fara haɗuwa, kamar kowace rana a wannan wata.

Wajen minti na ashirin Biskit ta ɗaga kai. Ta shinshina iska, ta cusa kumburarren hancinta ƙarƙashin tawul, ta ja. Wani shuɗin ƙyalle mai zane-zane ya fito.

Tia ta nuna tagar.

"Mista Hoyt. Mene ne wancan?"

Ya taso ya leƙa, ya sunkuyar da kai. "Riga ce kawai, Mis Tia. A cikin wadda ke jikina na ɓoyo ta. Auduga ce, wallahi, na duba."

"Ta yaushe ce?"

"Ta jiya. Wadda na ɗauko ta da ita, don ta ji warina."

Yana faɗar haka hannunsa ya tafi aljihun ƙirjinsa da kansa, ya dafa, ya tsaya a wurin. Tia ta ga jinin fuskarsa ya janye. Ba sai ya faɗa ba. Ta sake leƙawa, ga aljihun rigar nan ya yi ɗan tudu.

Ta rufe famfon oksijin da hannu ɗaya, ta danna ƙararrawar bango da ɗayan. Dakta Ferrer ta shigo a guje da safar tiyata a hannunta.

"Akwai laita a ciki," Tia ta ce. "A aljihun waccan rigar."

Likitar ta dubi taga, ta dubi Hoyt. Ta kai hannu ga jan mariƙin da ke gefen tankin, wanda ke zubar da iskar duka cikin minti ɗaya da rabi. Tia ta riƙe mata wuyan hannu.

"Dakta, a'a."

"Tia, mutum goma sha ɗaya ne a ginin nan, ban da dabbobi!"

"Na sani. In kika ja wannan, ƙarar da zai yi kamar jirgi ne zai tashi. Za ta firgita ta hau ƙarfe da farce, ga laita a ƙarƙashinta. Kuma maƙogwaronta a kumbure yake, iskar da ke huhunta ba za ta sami hanyar fita da sauri ba, huhun zai yage. Ki ba ni minti tara."

"In ta taune ta fa kafin minti taran?"

"Shi ya sa nake so ki fitar da kowa yanzu."

Suka dubi juna. Likitar ta girme ta a muƙami, Tia ta girme ta da shekara ashirin. Dakta Ferrer ta saki mariƙin.

"Tara. Zan kira 'yan kwana-kwana. Mista Hoyt, wuce mu tafi."

"Ba inda za ni, Dakta."

"Ba shawara nake ba ka ba!"

"Bar shi," Tia ta ce, ba tare da ta juyo ba. Ta riga ta buɗe famfon fitar da iska kaɗan, wani siririn huci ya fara. "Ina bukatarsa."

Likitar ta fita. Nan da nan zaure ya cika da haushin karnuka da ƙarar kekunan keji da muryar Darlene tana ce wa mutane su bar jakunkunansu su fita. Bayan ɗan lokaci komai ya yi tsit, sai hucin iska.

A ciki Biskit ta jawo rigar tsakanin ƙafafunta na gaba. Bakin ya kumbura, ba ya kama abu sosai, don haka sai ta shiga tonon aljihun da dagi.

"Muryarka ba za ta shiga ba, ƙarfen ya yi kauri," Tia ta ce. "In tana can nesa cikin shanu, da me kake tsayar da ita?"

"Da hannu."

"To tsayar da ita."

Hoyt ya durƙusa, ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa gilashin.

"Kada ka buga! Fuskarka kawai za ka sa."

Ya manna fuska a taga. Karyar ba ta duba ba. Ta sake kai dagi, aljihun ya buɗe, laitar ta zamo, 'yar rawaya ta roba, ta gangara bisa tawul ta tsaya dab da bakin farantin, inda audugar ta ƙare ƙarfe ya fara. Roba ce mai cike da gas, ta sha matsin da ba a yi ta dominsa ba. Ko ta tsage ko ba ta tsage ba, babu hanyar sani daga waje.

"Saura takwas," ta ce.

Inuwar Hoyt ta tare hasken tagar, Biskit ta ɗago. Idonta ɗaya mai gani ya faɗa kan ubangidanta. Sai ta fara kaɗa wutsiya. Wutsiyar tana bugun bangon tankin, ɗaf, ɗaf, ɗaf, har waje ana ji, kuma gashin wutsiya shi ne yake fara bushewa.

"Mista Hoyt, don Allah."

Ya ɗaga tafin hannunsa a gaban gilashin, ya kifa shi, ya sauke a hankali. Wutsiyar ta rage. Ya sake. Karyar ta yi jim, sa'an nan ta kwanta, ta ɗora haɓarta a kan rigar, idonta a kan hannun. Daginta na dama bai fi faɗin yatsa uku daga laitar ba.

"Haka za ka riƙe. Kada ka sauke."

"Har yaushe?"

"Har in ce."

Allurar ma'aunin tana sauka kamar ba ta so. Tia ta ji zufa tana bin bayanta. Yatsunta suna kan famfon, kuma duk jikinta yana ce mata ta ƙara murzawa, ko da kwata ne, a gama. Ta tuna mahaifinta da sandarsa a ƙofar coci, ta bar famfon yadda yake.

"Saura shida."

"Mis Tia," Hoyt ya ce, bai juyo ba. "In abin ya tashi, mu ma ya tafi da mu?"

"Har da bangon."

"To ki tafi. Nuna mini abin da zan murza."

"Ka murza abin da ka murza ya isa haka. Riƙe hannunka."

A minti na biyar aradu ta faɗi. Ba nesa ba, har fitilun ɗakin suka ƙifta. Biskit ta zabura ta miƙe tsaye, bayanta ya bugi rufin tankin, daginta ya taɓa laitar, ta juya sau ɗaya ta rataya rabi a bakin farantin.

"Ya Ubangiji," Tia ta ce da harshen uwarta, abin da ta shekara ba ta yi ba.

Hoyt bai motsa fuskarsa ba. Ya ɗaga hannun sama, ya kifa, ya sauke. Karyar tana rawar jiki, tana duban murfi, tana dubansa. Ya sake ɗagawa, ya sauke. Leɓunansa suna motsi, yana faɗin abin da ba za ta ji ba: "Kwanta, 'yata. Kwanta, tsohuwa. Ni ne. Kwanta." A karo na uku ƙafafunta na baya suka lanƙwashe, ta zauna, sa'an nan ta kwanta.

Hannun dattijon ya fara karkarwa. Ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan. Gwiwoyinsa suna kan siminti, hularsa ta faɗi, bai kula ba. Ruwan sama ya tsuge a kan kwano. Daga nesa jiniya ta fara kusantowa.

"Saura uku," Tia ta ce.

Tia ta miƙa ƙafa ta jawo bokitin da ta wanke karyar da shi, ta jefa tawul ciki da hannu ɗaya. Ko matsin ya sauka, iskar da ke ciki zallar oksijin ce, kuma lokacin buɗe murfi shi ne lokacin da kare ke zabura.

"Biyu. In na buɗe, kada ka kira ta. Ka bar hannunka yadda yake, ko me ka gani."

"Na ji."

Allurar ta taɓa sifili. Hucin ya mutu. Tia ta jira har ta ƙirga goma a zuciyarta, ta kwance murfin, ta janye shi a hankali. Sanyi ya fito ya bugi fuskarta. Biskit ta juyo da kai, amma idonta ya koma kan hannun da ke taga. Tia ta zura jiƙaƙƙen tawul, ta rufe laitar da shi, ta dunƙule, ta tsoma cikin bokiti. 'Yan ƙananan kumfa suka taso daga gefen robar, a jere, ba su tsaya ba. Ta tsage ashe.

"Sauke hannunka, Mista Hoyt. Ɗauke ta mu fita."

Ya kasa tashi, sai da ta kama shi. Ita ce ta ɗauki karyar.

A filin ajiye motoci mutane sun fake ƙarƙashin bishiya da kyanwoyi cikin kwanduna da karnuka a igiya, duk sun jiƙe. 'Yan kwana-kwana suka wuce su da gudu. Tia ta miƙa wa likita karyar, ta zaga bayan ginin, ta dafa bango ta yi amai har ba abin da ya rage. Da ta ɗago sai ta ga Hoyt a tsaye cikin ruwa, ba hula.

"Mis Tia, ban san abin da zan ce ba."

"Kada ka ce komai. Darlene tana da 'ya'ya uku. Akwai wata mata a zaure da ciki wata bakwai. Je ka faɗa musu riga ce kawai."

Ta wuce ta bar shi.

Da yamma ta rubuta rahoton abin da ya faru, ta fara da nata laifin: ta fita daga ɗakin, ta dawo, ba ta sake dubawa ba. Ta ajiye takardar a teburin likita tare da makullin ɗakin tanki. Dakta Ferrer ta karanta, ta ture makullin ya dawo gabanta.

"Gobe ƙarfe tara Biskit tana da zama na biyu. Wa kike so ya shigar da ita, ni? Ban ma san inda rabin famfunan suke ba."

"Dakta, hannuna bai daina rawa ba."

"Nawa ma. Je ki gida ki ci abinci."

Kafin mako ya ƙare an sa ƙofa mai makulli a ɗakin, an huda taga a bango, daga nan masu dabbobi ke kallo. Biskit ta ƙara shiga tanki sau biyar. A zama na uku baƙin leɓen ya fara komawa ja daga gefe, idon ya buɗe. Ɗan yanki kaɗan aka yanke a ƙarshe, wanda ya bar haƙorinta ɗaya a waje, kullum kamar tana yi wa mutum dariyar raini.

Hoyt bai ƙara shigowa ginin ba. Yakan miƙa igiyar a ƙofa ya koma akori-kurarsa ya zauna cikin zafi har a gama. Da kansa ya je gidan Darlene, ya kuma nemi matar nan mai ciki har ya same ta. Abin da ya faɗa musu, su suka sani. Ranar zama na ƙarshe Tia ce ta fito masa da karyar har mota.

"Kada ta shiga fadama sai bayan mako uku," ta ce. "Kada ƙuda ya sauka a ɗinkin."

"To, Mis Tia."

Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Hannun nan da kake yi mata, wa ya koya maka?"

"Matata. Ita ce mai haƙurin horar da kare. Ni ihu kawai na iya."

Tia ta gyaɗa kai. Ta shafa kunnen karyar ta tagar mota.

"Akwai sanyin na'ura a zaure," ta ce. "In kun zo cire zare, ka shigo ka zauna kamar mutum."

Biskit ta koma cikin shanu a watan Oktoba, ta ƙara shekara huɗu tana aiki. Tia ta ci gaba da kula da tankin har ta cika sittin da biyar. Kafin ta tafi ta horar da wata mata tsohuwar soja, wata shida tana tsaye a kanta, kuma ba ta miƙa mata makulli ba sai ranar da matar ta tsayar da ita kanta a ƙofa ta ce ta juye aljihunta.